Dogon tsalle ko tsalle uku: wanne ya kamata yaro ɗan shekara 16 ya riƙe?

Mushen EPS:

Assalamu alaikum ƴan uwa. Akwai yaro a wata CEG (makarantar sakandare) nan cikin Maradi, shekararsa 16, yana yin mita 6.10 a dogon tsalle da mita 12.80 a tsalle uku. Duka a kan ƙasa yake yi, babu katakon da ake takawa a tashi, layi ne ake ja da toka. Tun da ya ji labarin Hugues Fabrice Zango na Burkina ya kafe shi tsalle uku zai yi. To kwana biyun nan yana kukan gwiwa da dunduniya bayan atisaye. A bar shi ya haɗa biyun ne, ko a cire masa ɗaya? Manyan da suka haɗa su, yaya suka bi?

Tsohon Koci:

Wa alaikumus salam, Mushe. Kada a cire ko ɗaya, amma a sauya wanda ke gaba. Daga nan zuwa shekara biyu gudu da dogon tsalle su ne babban aikinsa, tsalle uku ya biyo baya.

Dalili kuwa, a tsalle uku mutum yana tashi da ƙafa ɗaya ya dira a kan ita wannan ƙafar, cikin gudu. A wajen manyan ƴan wasa nauyin da ke sauka a kanta ya fi ninki goma na nauyin jikinsu. Jijiyar da ke ƙasan ƙoƙon gwiwa, da agara, da dunduniya ne ke shanye shi. Yaron da ƙashinsa bai gama ƙwari ba, a kan ƙasar da hunturu ya busar, ai dole ya yi kuka. Ciwon da ya fara faɗa yanzu shi ne gargaɗin farko, kada a ce masa ya daure.

Tunda Zango yake kallo, ka zauna ka lissafa masa shekarun Zango. An haife shi a 1993. Lambarsa ta farko a gasar duniya, ta tagulla, a Doha ya same ta a 2019 da mita 17.66, yana da shekara 26. A Janairun 2021 ya yi mita 18.07 a rufaffen fili a Faransa, ya karya tarihin kocinsa Teddy Tamgho na mita 17.92. A watan Agustan wannan shekarar ya kawo wa Burkina lambarta ta farko a Olamfik, a Tokiyo, da mita 17.47. Zinariyar duniya kuwa sai a 2023 a Budafes, mita 17.64, yana da shekara 30. Kuma duk wannan yana yi yana karatun injiniyan lantarki har ya kai digirin dakta, wannan ma a faɗa wa yaron, a faɗa wa iyayensa. Jonathan Edwards na Ingila shekararsa 29 lokacin da ya yi mita 18.29 a ƙasar Suwidin a 1995, zinariyar Olamfik kuwa sai da ya kai 34. Tsalle uku wasa ne da ake ƙwarewa a cikinsa a makare, gaggawar me ake yi da ɗan 16?

Waɗanda suka haɗa biyun akwai su. Will Claye na Amurka ya ɗauki tagulla a dogon tsalle da azurfa a tsalle uku a Landan a 2012. Caterine Ibargüen ta Kolombiya da tsallen sama ma ta fara, ta ci zinariyar tsalle uku a Riyo a 2016 tana da shekara 32, a 2018 kuma ta lashe Diamond League, jerin manyan gasannin guje-guje da tsalle-tsalle na duniya, a dogon tsalle da tsalle uku duka. Abin da ya haɗa su shi ne gudu da daidaiton taku a kan hanyar tsalle, kuma dogon tsalle yana koyar da wannan ba tare da ya ci gwiwa ba.

A mako ga yadda zan tsara masa: kwana biyu na gudu, mita 30 zuwa 40 sau shida da cikakken hutu tsakani, kwana ɗaya na dogon tsalle, kwana ɗaya na tsalle uku da gajeren gudu, taku shida zuwa takwas kawai, kada ya wuce tsalle takwas. Tsakanin ranakun tsalle a bar kwana biyu. Amma kafin komai ya huta da duk wani tsalle har ciwon ya tafi. In ya kai mako biyu bai tafi ba, ko gwiwar ta kumbura, ko ya fara ɗingishi da safe, a kai shi likita.

Malama Mai Agogo:

Koci ya yi gaskiya a kan nauyin aiki, sai dai ina ganin ba ƙasar kaɗai ke da laifi ba. Wanda ke yin 6.10 a dogon tsalle ya kamata tsallensa uku ya haura mita 13. Tunda bai kai ba, kuma dunduniya na ciwo, kusan tabbas yana yin tsallen farko kamar dogon tsalle ne: ya tashi sama sosai, ya faɗo da ƙarfi, gudun ya mutu, na biyun ya zama ɗan taku kawai.

Mushe, ka auna kowane kashi daban. Ka share hanyar da tsintsiya don sawu ya fito, ka tsayar da yara biyu a gefe su sa alama inda ya dira. Rabon da ake nema kusan 35, 30, 35 ne cikin ɗari. A mita 12.80 ke nan kusan 4.50, sai 3.80, sai 4.50. In ka ga 5.00, sai 3.00, sai 4.80, ka gano cutar. Ko ba awo ma kunne na faɗa: dirar uku ya kamata su zo da tazara iri ɗaya, tam, tam, tam. In na biyu ya bi na farko da sauri, ya lalace.

Gyaran tsallen farko: ya tashi ƙasa-ƙasa, gaba ba sama ba, ƙirji a miƙe, ido a ƙarshen ramin. Ƙafar da ta tashi ta naɗo ƙarƙashin ɗuwawu, gwiwa ta fito gaba, sannan ta sauko tana shara baya. Duk yaron da ya yi langa a unguwa ya san wannan motsin, bambancin shi ne nan hannu ba ya riƙe da ɗaya ƙafar, kuma da gudu ake zuwa. Tafin ƙafa gaba ɗaya zai dira, kusan ƙarƙashin ƙugu. In ya dira da yatsu, idon sawu da agara za su sha wuya. In ya miƙa ƙafar can gaba ya caka dunduniya, birki ya taka, kuma daga nan ciwon yake.

Kashi na biyu shi ne mai wuyar koyo, don yara ba su da haƙurin tsayawa a iska. Gwiwar gaba ta ɗago har cinya ta yi daidai da ƙasa, ya riƙe ta haka, ya jira ƙasa ta zo. A ja layi uku da toka, tazarar mita 3 tsakaninsu, ya riƙa bi da gudun taku huɗu. Sai ya iya dira a kan kowanne cikin sauƙi sannan a ƙara santimita 20. Kuma a sa shi ya yi da dama da hagu duka. Christian Taylor na Amurka ciwon gwiwa ya sa ya sauya ƙafar da yake tashi da ita bayan zinariyar 2012, ya sake cin wata a 2016.

Ƴan matan makarantar ma kada a bar su a baya. Françoise Mbango ta Kamaru sau biyu ta ci zinariyar tsalle uku a Olamfik, 2004 da 2008, Chioma Ajunwa ta Najeriya kuma ta ci ta dogon tsalle a Atlanta a 1996 da mita 7.12.

Alƙalin Fili:

Ni kan layin toka zan yi magana. Yaron da bai saba da katako ba, ranar da ya je Yamai a filin Seyni Kountché zai ɓata tsalle biyu cikin ukun farko, kuma mutum takwas kawai ake ƙara wa uku. A sa kafinta ya yanko katako mai tsawon mita 1.22, faɗin santimita 20, a shafa masa farin fenti, a binne shi daidai da ƙasa. In ya yi tudu ko kaɗan zai yi tuntuɓe. Na dogon tsalle tsakanin mita 1 zuwa 3 daga bakin rami. Na tsalle uku a manyan gasa mita 13 ne ga maza, 11 ga mata, amma wannan yaron a sa masa a mita 10 ko 11. A 13 zai dira a kan busasshiyar ƙasa.

Ramin kada faɗinsa ya gaza mita 2.75. A cika shi da rairayi mai laushi, irin na gulbi, a tankaɗe tsakuwa da kwalba, zurfin ya kai santimita 30 ko fiye. Kafin kowane atisaye a yayyafa ruwa, a juya da felu, a baje da manjagara har ya yi daidai da hanya.

Awo daga sawun da ya fi kusa da katako ake farawa, ko na hannu ne ko na ɗuwawu, a ja dekamita, wato tef ɗin awo, a miƙe zuwa layin katako na ɓangaren rami, ba inda ƙafarsa ta taka ba. Bakin takalmi ya haura layin, tsalle ya ɓaci. Ya dira ya juyo da baya ta cikin ramin, shi ma ya ɓaci. Don haka 6.10 ɗin nan a sake auna shi a kan ƙa'ida, musamman in iskar hunturu na bayansa aka yi shi. Iskar da ta wuce mita 2 a daƙiƙa ba a rubuta tsallenta a matsayin tarihi.

Mushen EPS:

Allah ya saka da alheri. Taku nawa zan ba shi, kuma yaya za a daidaita shi da katakon?

Tsohon Koci:

Taku 14 ya ishe shi, manya ne ke kai 18 zuwa 22. Ya tsaya a kan katakon ya ba rami baya, ya ruga, ka sa alama inda taku na 14 ya faɗi. Ya maimaita sau biyar, ka ɗauki tsakiyar alamomin, ka auna da dekamita ka rubuta a littafi. Kullum da ƙafa ɗaya zai fara, daga tsaye. In yana haura katako da santimita 10 a kai a kai, a ja alamar baya da 10. In kuwa yau ya haura gobe ya gaza, kada ka taɓa alamar: takunsa huɗu na farko ne ba su zauna ba, sai ka sa alama ta biyu a taku na huɗu ka tsaya kana duba ta.