Na ɗauko shafi da Python, ya zo mini babu komai a ciki

Sabon Shiga: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina so in riƙa ɗauko wani jadawali daga shafin intanet da requests, laburaren Python na ɗauko shafuka. Amsar 200 take dawowa, wato komai lafiya, amma idan na buga response.text sai in ga kai da ƙafa kawai, tsakiya babu komai sai div mai id="root". A burauza kuwa jadawalin yana nan cike. Ko BeautifulSoup da nake tsinto bayanan da shi ne ya samu matsala?

Mai Sabar: Wa alaikumus salam. BeautifulSoup lafiyarsa ƙalau. Danna Ctrl+U a shafin ka duba, sannan ka danna F12 ka sake dubawa, ka faɗa mana ko abu ɗaya ka gani.

Sabon Shiga: Ba ɗaya ba ne Malam. Na Ctrl+U shi ne irin wanda nake samu.

Mai Sabar: To shi ke nan. Ctrl+U abin da sabar ta aiko ne, F12 kuma abin da JavaScript ya gina bayan burauza ta gudanar da shi. Shi requests karɓo rubutu kawai yake yi, ba ya gudanar da komai. Wannan root ɗin alamar React ce, laburaren JavaScript da ke gina shafi a cikin burauza.

Ɗan Java: Selenium kawai, ya sarrafa maka burauza ta gaske, ka huta.

Tsohon Hannu: Don Allah kada ka fara da Selenium. Irin wannan shawarar aka ba ni, kuma na sha wahalarta. Na haɗa shi da Chrome, na sa time.sleep(5) don shafin ya gama lodi, a kwamfutata komai yana tafiya sumul. Da na ɗora shi kan sabar sai ya zama wani lokacin daƙiƙa biyar ba ta isa, shafin bai gama cika ba an riga an kwashe shi. Kuma ba ya kuka, ba ya nuna kuskure, jadawali mara komai yake dawowa da shi ya rubuta a kan na jiya. Kusan mako guda ina tara fayil fanko ban sani ba, sai da wanda nake yi wa aikin ya kira ni. Ranar kunya ta ishe ni. Daga baya na buɗe F12, na shiga Network, na zaɓi Fetch/XHR, na sabunta shafin. Ga shi nan, adireshi guda yana dawo da duk bayanan a JSON, a tsare, ko alamar HTML babu. Layi huɗu na requests suka maye gurbin duk wancan jibgin. Ka danna dama a kan adireshin, ka zaɓi Copy as cURL, zai ba ka umarnin da ke maimaita kiran, ka gwada shi a taminal tukuna. Idan ya yi aiki a can, sai ka riƙa cire kanun saƙon (headers) ɗaya bayan ɗaya har ka gano wanda dole sai da shi.

Ɗan Java: Wannan laifin sleep ne, ba na Selenium ba. WebDriverWait na Selenium, mai jira sai abu ya bayyana, na nan don wannan aka yi shi.

Yayar Kodin: Gaskiya ne, amma in dai dole sai burauza, Playwright ya fi sauƙi. Shi da kansa yake jiran abu ya bayyana kafin ya taɓa shi, ga wait_for_selector kuma.

Ɗan Java: Selenium tun 2004 yake aiki. Playwright jiya-jiya Microsoft ta fito da shi, 2020.

Yayar Kodin: Daɗewa ba ita ce magana ba ɗan'uwa. PhantomJS ma, burauzar nan mara taga, an daɗe ana amfani da shi, a 2018 aka dakatar da shi bayan Chrome ya zo da yanayin da yake aiki ba tare da taga ba.

Ɗan Java: Selenium ba a dakatar da shi ba ai.

Mai Sabar: Ku bar yaron ya gane abu ɗaya tukuna.

Sabon Shiga: Na adana HTML ɗin a fayil na buɗe shi da burauza, fari fat. Console ya yi ja, wai bai sami main.js ba.

Yayar Kodin: Ƙanena, duba src ɗin, za ka ga da / ya fara. Burauza tana neman fayil ɗin a cikin kwamfutarka, shi kuwa yana can kan sabarsu. Ko ka gyara adireshin ma, CORS, ƙa'idar burauza kan kiran wata saba daban, na iya tare kiran da zai yi daga baya. Bar wannan hanyar.

Baƙo: Ni tawa daban ce, layin script ɗin ma babu shi a abin da nake samu, amma Ctrl+U yana nuna shi.

Mai Sabar: To kai wani shafi ake ba ka daban. requests yana gabatar da kansa da python-requests a User-Agent, wato sunan da mai neman shafi ke bayarwa, wasu sabobin kuma idan suka ga haka sai su aiko shafin tantancewa. Karanta title na abin da ya dawo, za ka gane.

Tsohon Hannu: Kuma kafin ka canza User-Agent, ka leƙa robots.txt, fayil ɗin da ke faɗin inda aka yarda a ɗauko, da ƙa'idojin shafin. Idan ka fara ganin 429 ka rage gudu, gaya maka ake yi ka matsa musu.

Yayar Kodin: Na manta, idan da Next.js, wani tsari da ke kan React, aka gina shafin, ku nemi __NEXT_DATA__ a cikin HTML ɗin, sau da yawa bayanan suna nan kwance a ciki.

Sabon Shiga: Na ga adireshin JSON ɗin a Network! Amma layi 20 kawai yake ba ni, a ƙarshensa akwai page=1.

Tsohon Hannu: Mai da shi 2 ka gani.

Baƙo: Title ɗin nawa ya nuna shafin tantancewa ne. Yanzu Playwright zan ɗauka ko in fara neman API ɗinsu, wato irin adireshin JSON ɗin nan?

Ɗan Java: Selenium.