Musayar baituka: Jinin Stephen Lawrence da ire-irensa

Malam Ilu Fagge

Assalamu alaikum jama'a. Ranar 22 ga Afrilun 1993 wasu samarin Turawa suka daɓa wa Stephen Lawrence wuƙa a unguwar Eltham da ke Landan, yana jiran bas tare da abokinsa Duwayne Brooks. Shekararsa 18. A kansa za mu yi musayar wannan mako. Ƙa'ida: 'yar huɗu, babban amsa-amo "ya". Na buɗe.

Da sunan Allah Mai tsari,
Da ya halicci baƙi da fari,
Jini ja ne a kowane gari,
Launinsa guda ne a duniya.

Yaro na jiran mota da dare,
Samari suka zo suka tare,
Suka soke shi, suka tsere,
Ya ruga ya faɗi a kan hanya.

Kafin mako ma ya cika,
An rubuta suna an miƙa,
Jami'ai ba su motsa daga ɗaka,
Mako biyu babu kamu ko ɗaya.

Garba na Peckham

Allah ya ƙara basira, Malam. A titin Well Hall Road, daidai inda ya faɗi, akwai ɗan allon dutse da aka dasa a ƙasa ɗauke da sunansa. An sha zuwa a ɓata shi, har fenti an taɓa kwara masa. Ga nawa:

Abokinsa ya tsira yana kuka,
Yana nuna hanyar da suka ɗauka,
Maimakon a ce "zo mu taimake ka",
Aka dube shi da idon mai ƙarya.

An ga an fito da baƙar leda,
Daga gidan da aka ba da shaida,
Aka ɗau hoto, babu mai tsai da
Mai ledar nan ya yi masa tambaya.

Sai ranar 7 ga Mayu aka fara kamu, washegarin ranar da Nelson Mandela ya gana da iyayen yaron.

Lawal Tudun Wada

Ku yi haƙuri, ni ban yarda komai ya lalace a ce launin fata ne ba.

Malam Ilu, sassauta hukunci,
Akwai jinkirin da ba zalunci,
Unguwa in ta yi shiru don ƙunci,
Wa zai ba ɗan sanda gaskiya?

Ku da ke kuka kan Landan,
Ku waiwayo gida ko kaɗan,
Wa ya kashe Bola Ige? Ku faɗan,
Ga shi kuwa baƙi ne ke mulkin Najeriya.

Ministan shari'a ne fa, aka kashe shi a gidansa a Ibadan a 2001. Ga Dele Giwa tun 1986. Har yau ba wanda aka hukunta.

Hajiya Rabi Damagaram

Lawal ɗana, batun gida gaskiya ne kuma yana yi mini ciwo, amma laifin wani ba ya wanke na wani. Sannan unguwar Eltham ba ta yi shiru ba. Mutane sun yi ta bugo waya, wani har takarda ya ajiye a rumfar tarho da sunayen yaran.

Lawal ka zo da batun shiru,
Alhali mutane sun taru,
Sun kai suna da abin da ya faru,
Hukuma ta toshe kunne, ka ji kunya.

Alƙalinsu ne ya yi bincike,
Ya faɗa wa kowa a tsanake,
Cewa rundunar a cike take
Da ƙin baƙi da nuna wariya.

A Fabrairun 1999 kwamitin tsohon alƙali Sir William Macpherson ya ce abu uku suka ɓata binciken: rashin iya aiki, gazawar shugabanni, da wariyar launin fata da ta yi kanta a rundunar 'yan sandan Landan. Ya ba da shawarwari 70. Bature ne ya rubuta wannan da hannunsa.

Malam Na'ibi Sakkwato

Ku dakata kahin a yi nisa. Malam Ilu, baitinka na ukku: "cika" da "miƙa" ba su zama amsa-amo guda. Ko a ajami, kaf daban, ƙaf daban. Shi ko Lawal ya gama "Landan" da "kaɗan", kuma ɗangonsa na ƙarshe ya yi tsawo hal ya fita kari.

Kanawa kun iya kasuwa,
Auna baiti sai da natsuwa,
Ka da ƙa ba su yin gamuwa,
Don ɗayansu na da ƙugiya.

Ɗan Asabe Kurmi

Malam Ilu ne za a yi wa gyara? Mutumin da muka taso muna haddace baitukansa? Allah ya ja zamaninka, Malam, kada ka tanka, ni zan amsa.

Ana zancen gawa a titi,
Kai kana ƙirgen gaɓar baiti,
Da kai aka ba wa kwamiti,
Ka tsare harafi, makashi na dariya.

Malam Na'ibi Sakkwato

Ɗan Asabe, bar yi man raini,
Abin da ya kama su, ɗigon jini,
Ga wuyan riga, ido bai gani,
Ƙanƙanen abu ka tona gaskiya.

Yaro, ka san da mi anka kama Gary Dobson, ɗaya daga cikin makasan Stephen? Ɗan ɗigon jinin Stephen ga rigarsa, wanda bai kai milimita guda ba. David Norris kuma da 'yan gutsattsarin gashi da zare ga tufafinsa. Kayan nan suna hannun hukuma tun 1993, sai Janairun 2012 anka same su da laifi. Wanda duk ya raina ƙaramin abu, ko a baiti ko a bincike, shi ka sakin ɓarawo.

Zainab 'Yar Zangon Kumasi

Kai! Baba Na'ibi ya rufe baki. Wannan ita ce amsa mafi kyau tun da aka fara, duk wanda zai ji haushi ya ji. Amma maza kun manta da uwar yaron.

Ku bar musun ƙugiyar harafi,
Ku dubi uwa mai ƙarfi,
Doreen ta sha zafi kan zafi,
Ta tsaya inda maza suka juya.

Ta kai ƙara da kuɗin taimako,
Kotu ta sallame su tun farko,
Ta ci gaba, mako bayan mako,
Har aka sauya dokar Birtaniya.

Maimakon a bi sawun makasa,
Aka sa ɗan sandan ciki a kusa
Da masu neman haƙƙin jininsa,
Yana kai rahotonsu ta baya.

Da hukuma ta ƙi gurfanar da su, ita da mijinta Neville suka shigar da ƙara da kansu, ta rushe a 1996, aka wanke Dobson. A lokacin dokar Ingila ta hana a sake yi wa mutum shari'a kan laifin da aka wanke shi. Sai a 2005 aka buɗe ƙofar hakan idan sabuwar hujja mai ƙarfi ta fito. Batun ɗan sandan cikin kuma wani bincike ne ya tabbatar da shi a 2014. A Jamaika suka binne ɗansu.

Ɗan Asabe Kurmi

Zainab, baitukanki sun yi, amma "mafi kyau tun da aka fara" son kai ne. Buɗewar Malam Ilu ba ta da na biyu.

Lawal Tudun Wada

Sai yanzu wuta ta dawo na ga an yi mini taron dangi. Hajiya da farko:

Inna, na ji, ban ƙi taki ba,
Amma guda ba ta zam hujja ba,
Ku kawo adadi, ba kuka ba,
Hawaye ba ya cika mudu ko tiya.

Sai mai rakiya:

Ɗan Asabe, kai ɗan amshi ne,
Baitinka duka na aro ne,
In Malam ya yi tari, daidai ne,
Yaushe za ka yi naka ka tsaya?

Ɗan Asabe Kurmi

Bazazzagi, amshi ba ya cuta,
Kai ne lauyan da babu gayyata,
Rundunar ta nemi gafara da bakinta,
Kai kana nan kana ba ta kariya.

Bashir na Shikago

Yaya Lawal ya nemi adadi, haƙƙinsa ne a ba shi. A 2018 jaridar Washington Post ta bi diddigin kisan kai na shekara 10 a manyan biranen Amurka 52. Inda aka kashe farar fata, an yi kamu a kashi 63 cikin 100. Inda aka kashe baƙi, kashi 47. Kisan da ba a kama kowa ba ya kusa 26,000, kuma fiye da 18,600 daga ciki baƙaƙe ne.

Lawal ka nemi adadi, ga shi,
In an kashe fari ana bin bashi,
Kashi 63 an kamo makashi,
Na baƙi ko rabi bai kai ba, ka jiya?

Maganarka ta shirun masu shaida akwai ta, ina ganinta a nan. Amma ka tambayi daga ina shirun ya fito. Matar da ta ga an kashe ɗan maƙwabciyarta, ta ga wanda ya yi kisan yana yawo a layinsu shekara da shekaru, ita za ka ce ta je ta ba da suna? Wa zai tsare ta in ta dawo gida? Rashin kamu ke haifar da shiru, shirun kuma ya zama uzurin rashin kamu na gaba. Ga inda ba a ma buƙaci mai shaida ba:

Ahmaud na sassarfa cikin unguwa,
Uba da ɗa suka bi shi da tsawa,
Suka harbe shi da rana, ba ɓoyewa,
Aka sallame su gida a Jojiya.

Wata biyu da rabi ba kamu,
Sai da bidiyo ya iso hannunmu,
Da hoton bai fito ya samu
Idon jama'a ba, da an juya baya.

Ahmaud Arbery ke nan, 23 ga Fabrairun 2020. 'Yan sanda sun tarar da su a wurin. Shi uban kuwa, tsohon mai bincike ne a ofishin mai gabatar da ƙara na yankin. Sai 7 ga Mayu aka kama su.

Malam Na'ibi Sakkwato

Bashir, zancenka ya yi nauyi, amma ɗangon "kashi 63" in anka karanta shi da baki ya zarce 'yan'uwansa. Lamba ba ta shiga kari sai an sassaƙe ta.

Ɗan Asabe Kurmi

To wane kari ne aka ce a bi? Malam Ilu cewa ya yi 'yar huɗu da "ya". Bai ce mutaƙarab ba, bai ce kamil ba.

Malam Na'ibi Sakkwato

Ba sai an ce ba. Ɗangon farko shi ka kafa ma'auni, saura su bi shi. Haka munka iske.

Zainab 'Yar Zangon Kumasi

Baba, a nan kam na rabu da kai. Mu a Zango da kunne muke auna waƙa. In an rera ta zauna, ta zauna.

Malam Na'ibi Sakkwato

To rera na Bashir ki ji inda numfashinki za shi tsaya, ɗiyata.

Ɗan Asabe Kurmi

Na rera, ya zauna daram.

Hajiya Rabi Damagaram

Haba jama'a! Bashir ya kawo gawa 18,600 kun bar su kuna rera ɗango.

Garba na Peckham

Na gode, Hajiya. Bari in koma kan Lawal, tunda ya ce a waiwayi gida. Ga ɗan gida. David Oluwale ya baro Legas a jirgin ruwa a 1949, ya ƙare yana kwana a bakin shagunan birnin Leeds. A Mayun 1969 aka tsamo gawarsa a kogin Aire, aka binne, maganar ta mutu. Sai da wani matashi mai koyon aikin ɗan sanda ya ji abin da ake faɗa a ofis ya kai rahoto. A 1971 aka ɗaure 'yan sanda 2 saboda dukan da suka riƙa yi masa, amma alƙali ya sa aka janye tuhumar kisa.

Lawal, ga naka ɗan Legas,
An tsamo shi a ruwa, an yi watsi da kes,
Ba dangi, ba mai cewa "a duba, pilis",
Sai yaro guda mai tsarkin zuciya.

Na san Malam Na'ibi zai yanka ni kan wannan, amma Legas ba ta da abokan amsa-amo da yawa.

Malam Na'ibi Sakkwato

Gas, kes, lis. Ukku, kowane da hanyarsa. Allah ya jiƙan bawan nan, don darajarsa na ƙyale.

Malam Ilu Fagge

Malam Na'ibi, na ji gyaranka, amma "miƙa" tana nan inda na sa ta. Sunayen nan miƙa su aka yi hannu da hannu, ba ni da kalmar da ta fi ta. Abin da ban so a wuce ba shi ne lissafin Eltham bai cika ba. Samarin da suka far wa Stephen 5 ne ko 6, biyu kawai aka ɗaure. A 2020 'yan sandan Landan suka ce sun dakatar da binciken. A 2023 BBC ta bayyana sunan wani da ake zargi, Matthew White, wanda tun farko wani ɗan'uwansa ya nemi ya ba da bayani a kansa, aka yi sakaci da maganar. Ya mutu a 2021 ba a taɓa gurfanar da shi ba.

Biyu a kurkuku, ina saura?
Wani ya mutu ba a kai shi ƙara,
Wasu na yawo suna cin gara,
Fayil na kulle a cikin ma'ajiya.

Zainab 'Yar Zangon Kumasi

Yaya Lawal, muna ganinka a kan layi. Adadi ka nema, Bashir ya kawo, Garba ya ƙara maka da ɗan gida. Baitinka muke jira, kuma da "ya" za ka rufe.