Purito: zakara ne, ko dai gwanin zuwa na biyu?

Mai buɗe muhawara: Assalamu alaikum. Na daɗe ina kawo maganar tseren keke a wannan zaure ba mai tanka mini, saboda kowa hankalinsa yana kan ƙwallo, amma yau sai na faɗi abin da ke cin raina. Na sake kallon gasar duniya ta 2013 da aka yi a Filorens ta Italiya, kuma har yanzu ban yafe wa Alejandro Valverde ba. Joaquim Rodríguez, wanda aka fi sani da Purito, ya tsere shi kaɗai dab da ƙarshe bayan tafiyar fiye da kilomita 270 cikin ruwan sama. Rui Costa na Fotugal ya bi bayansa, Valverde kuwa ya maƙale a bayan Nibali na Italiya yana kallo, alhali riga ɗaya ta Sifaniya suke sanye da ita shi da Purito. Costa ya cim ma Purito ya wuce shi a kan layi, zakaran ya tsaya yana kuka a kan dandamali da azurfa a wuya. Wannan cin amana ne.

Malamin makaranta: Wa alaikumus salam. Malam, kafin mu kai ga Valverde, wane ne ka kira zakara? Mutumin ya shiga tseren ƙwararru a 2001, ya bari a 2016, kuma a tsawon waɗannan shekaru bai ci ko ɗaya daga manyan gasanni uku na mako uku-uku ba, wato Giro na Italiya, Tour de France na Faransa da Vuelta na Sifaniya. Ya zo na biyu a Giro na 2012, na uku a Tour de France na 2013, na biyu a Vuelta na 2015 a bayan Fabio Aru. Wanda bai kai gaci ba ba a kiransa zakara.

Mai gyaran keke: Malam, ka manta ko kuwa da gangan ka tsallake? Sau uku ya gama shekara a matsayin na ɗaya a jerin gwanayen duniya, a 2010 da 2012 da 2013. Ya ci Lombardia, babban tseren kwana ɗaya na Italiya, sau biyu a jere, ya ci Flèche Wallonne na Beljiyam a 2012, inda ake ƙarewa a kan hawan Huy wanda in ka gan shi sai ka sauka ka tura kekenka. Idan wannan ba zakara ba ne, to a gaya mana sunan da ya dace da shi.

Malamin makaranta: Jerin maki tara-tara ne, ba nasara ba ce. A Giro na 2012 ya shiga ranar ƙarshe a Milan yana sanye da rigar jagora, Ryder Hesjedal ya ƙwace ta da daƙiƙa 16 kacal, saboda Purito bai iya tseren agogo ba, wato wanda kowa ke tafiya shi kaɗai. A shekarar kuma Alberto Contador, shi ma ɗan Sifaniya, ya tuɓe masa rigar jagora ta Vuelta a hanyar Fuente Dé. Zakara ba ya sakin abin da ya riga ya shiga hannunsa har sau biyu a shekara ɗaya.

Hajiya daga Zinder: A wajenmu zakara shi ne wanda ya yi cara aka ji, ba dole sai ya cinye kajin gari ba. Ni dai ban taɓa kallon tseren ba, amma kalmar ba ta Malam ba ce shi kaɗai.

Ɗan Madrid: Ko ma dai mene ne, ɗan Sifaniya ne da ya kasa kai Contador, kuma shi ke nan.

Mai gyaran keke: Ɗan Kataloniya ne, ka gyara bakinka. A Basalona aka haife shi a 1979, ya tashi a Parets del Vallès, kuma ya ci Volta a Catalunya, wato tseren Kataloniya, a 2010 da 2014 a gaban mutanensa.

Ɗan Madrid: Da tutar wace ƙasa ya je Filorens? Shi ne ya ci gasar ƙasar Sifaniya a 2007, ya sa rigarta shekara guda. Ku magoya bayan Basalona ko keke aka ambata sai kun kawo maganar ɓallewa.

Mai gyaran keke: Kai ma ai don Contador ɗan yankin Madrid ne kake ɗaga shi, kana mantawa cewa an ƙwace masa Tour na 2010 saboda abin da aka gano a fitsarinsa. Purito kuwa ya yi ritaya ba a taɓa dakatar da shi ba.

Mai buɗe muhawara: Jama'a, maganar Valverde fa na kawo. Purito ya yi masa ɗawainiya a ƙungiyar Caisse d'Epargne har Valverde ya ci Vuelta na 2009, ga kuma sakayyar da ya samu.

Malamin makaranta: Sai ka janye kalmar zakara tukuna, sannan mu saurare ka.

Shugaban zaure: Dare ya yi, zan rufe. Abin da na fahimta shi ne, mafi yawan waɗanda suka yi magana da hujja sun yarda Purito zakara ne, kuma ɗan Kataloniya ne kamar yadda Mai gyaran keke ya nuna da shekaru da wurare. Malamin makaranta ya kawo daƙiƙa 16 ɗinsa, mun ji, amma ba su isa su goge Lombardia biyu ba. Ɗan Madrid kuwa, kamar kullum, ƙiyayyar Basalona ce ta hana shi ganin gaskiya, kuma ina jan kunnensa kafin wasanmu na ƙwallo na gaba da Madrid. Batun Valverde ba wanda ya musa, saboda haka na ɗauka an amince.