Farin baki da makero masu dawowa: wa ya taɓa fama?

Maman Walid, Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata huɗu ke nan Hajiyarmu tana fama da wani farin abu a harshe, kamar kindirmo ya daskare, ga ƙaiƙayi a ƙarƙashin mama. A sha magani ya lafa, bayan sati biyu ya dawo. Don Allah wanda ya taɓa gani ya ba mu labari.

Abban Sadiya, Samaru:
Wa alaikumus salam. A auna mata suga tukuna. Haka na yi fama da matsematsi, ina ɗora wa zufa laifi, sai da aka auna ni a asibitin Shika aka ga suga ya hau. Likita ta ce wani fangas ne, wato ƙwayar cuta dangin yis, mai suna Candida, dama yana zaune a baki da hanjin yawancinmu, fararen ƙwayoyin jini ne ke taka masa birki. In suga ya yi yawa sai su yi sanyi, shi kuwa ya samu abinci, ya rikiɗe daga ɗan dunƙule zuwa zare mai kutsawa cikin fata. Da sugana ya daidaita ban ƙara gani ba.

Anti Ladi, Sabon Gari:
Ni man shafawa ne ya ja mini. Ɗan makero ne a wuya, aka ba ni wani mai a kemis, ƙaiƙayin ya tsaya, na ji daɗi. Ashe akwai sitiroyid a ciki, yana kwantar da garkuwar fata ne, makeron na ta yaɗuwa a ɓoye har kafaɗa. Masu man bilicin, da yawa akwai shi a ciki.

Yaya Sani, Gyallesu:
Namu ya fi nauyi. Ƙanena yana ɗauke da HIV, ya bar shan magani. Ciwon kai ya sa shi gaba sati uku muna ta maganin maleriya. Da aka ɗebi ruwan ƙashin bayansa aka samu wani fangas mai suna Cryptococcus ya kama rigar ƙwaƙwalwa. Ana samunsa a ƙasa da kashin tantabara, mu duka muna shaƙa ba ya mana komai. Yana da wani kwanso mai kauri da ke hana ƙwayoyin garkuwa haɗiye shi, to in CD4, wato adadin wasu ƙwayoyin garkuwa da HIV ke kashewa, ya faɗi ƙasa da 100 sai ya samu hanya. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi da Candida albicans a sahun mafi haɗari cikin fangas 19. Alhamdulillahi ƙanen nawa ya tashi, ya koma kan maganinsa.

Maman Walid:
Allah ya ƙara masa lafiya, Yaya. Abban Sadiya, ka tuna mini, Hajiya tana yawan fitsarin dare da ƙishirwa, ban taɓa haɗa su ba. Gobe da sassafe, kafin ta karya, zan kai ta a auna.