Rubutun bayan tirela da kalmar "dindindin"

Ɗan Jega: Jama'a, jiya na ga wata tirelar albasa ta fito daga Aliero, an rubuta mata a baya da Turanci: "No condition is permanent." Ɗana ya ce ma'anarsa babu halin da ke ɗorewa. Wace karin magana tamu ce ta yi daidai da shi? Ni dai "duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya" ta faɗo mini.

Gwaggon Yara: A'a ɗana, wannan ai kashedi ce ga wanda ke gaba. Direban da ya kwana kan hanya kansa yake lallashi. "Komai nisan dare, gari zai waye" ta fi kusa.

Tsohon Akawu: Gwaggo ta yi gaskiya, amma ni kalmar "permanent" ɗin ce ta tsaya mini a rai. Ita aka sa a takardar ɗaukata aiki, muka fassara ta da "aikin dindindin". Mahaifina har sadaka ya yi ranar. To dokar aikin gwamnati ta ce shekara 35 kana aiki, ko ka cika 60 da haihuwa, sai ka aje. Na aje, kuma ba a zalunce ni ba. A bakin ma'aikata kalmar na nufin abin da ba na wucin gadi ba ne, shi ke nan. Haka katin zaɓe na dindindin da muka yi zaɓen 2015 da shi, ya maye gurbin na wucin gadi ne.

Malamin Zaure: Shi ya sa, Baba Akawu, ba na son a fassara ta da "dawwama". Dawwama ta Allah ce. Dindindin kuwa mutum na iya faɗinta kan aiki ko mazaunin makaranta ba tare da ya yi saɓo ba.

Bakabe: Malam, ni ko dindindin ɗin nauyi take yi mini. Na je kufan Surame, tsohon babban birnin Kabi. Sarkin Kabi Kanta ya yi ganuwar nan da dutse tun ƙarni na 16, har yau wani sashe na tsaye, amma babu mai kwana ciki, sarautar Kabi tana Argungu. Ganuwar ta ɗore, garin bai ɗore ba. Wanne za a kira na dindindin?

Ɗan Jega: Yaya Bakabe, wannan tambaya sai na kai wa kakana idan na je gida ranar Juma'a. Gwaggo, na karɓi taki, ita zan faɗa wa yaron.