Wai me ya sa ba a ganin Linux a kanti kamar sauran kaya?

Dan_Fasaha: Salam 'yan uwa. Wani abu ne ke damuna, kullum muna ta cewa Linux, wato manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, kyauta ce kuma tana farfaɗo da tsohuwar kwamfuta, to wanda bai iya sauke ISO (fayil ɗin da ake girka ta da shi) ya zuba a filash ba fa, ta ina zai same ta? Baffana laftof ɗinsa ta yi nauyi sai ya kunna ya je ya yi alwala ya dawo ba ta gama tashi ba, shi kuma abin da ya sani kawai ya shiga kanti ya biya a miƙo masa abu a hannu. Shin doka ce ta hana sayarwa ko kuwa?

Tsohon_Hannu: Wa'alaikumus salam. Babu dokar da ta hana, lasisin GPL da Linux ke ƙarƙashinsa ya yarda ka sayar da tsada ko da araha, sharaɗin dai kar ka hana mai saye sos kod ɗin (asalin rubutun da aka gina manhajar da shi), kuma shi ma yana da damar kwafa ya raba. Ai an yi wannan zamanin, nau'o'in Linux irin su Red Hat da SuSE da Mandrake duk a kwali ake sayar da su da faifan CD da littafi mai kauri, ni littafin ne ma ya koya min komai wallahi. Red Hat ta bar harkar a 2003 ta koma kan kamfanoni. A 2008 kuma kantunan Best Buy a Amurka sun sa Ubuntu, wani nau'in Linux, a kanta kan kusan dala 20.

Ummu_Kod: Ku duba ta ɓangaren mai kanti mana. Ubuntu duk wata 6 sabuwa ke fitowa, kenan kwalin yana kan kanta yana tsufa, ga mai saye ya kai gida firinta ta ƙi aiki ya dawo da faɗa, yaron kanti kuma bai taɓa ganinta ba balle ya gyara. Kantunan Walmart na Amurka sun gwada kwamfutar gPC mai nau'in Linux na gOS a 2007 kan dala 199, ba a jima ba a 2008 suka cire ta daga kantunansu.

Tsohon_Hannu: Haka ne hajiya, amma ko Windows ɗin mutum nawa suka taɓa sayenta a kwali? Da ita kwamfuta ke zuwa. Android da laftof ɗin Chromebook da na'urar wasa ta Steam Deck duk Linux ce a ciki kuma ana saye ba a ko tambaya. Na'ura a shirye ita ake so, da wanda za a koma wa in ta ba da matsala.

Dan_Fasaha: Na gode sosai, Allah ya ƙara basira. Na Baffa dai zan zuba masa Linux Mint da kaina ranar Asabar, amma zan fara gwada ta daga filash in ga ko wayifai ɗinsa zai kama tukuna.