Me ya sa Lord Denning ya bar kotun ƙoli ya koma Kotun Ɗaukaka Ƙara?

Ɗalibar Shari'a:
Assalamu alaikum manyanmu. Lord Denning, alƙalin Ingila, ya kai Majalisar Dattawan Birtaniya a 1957, wadda a lokacin ita ce kotun ƙolin Ingila, amma a 1962 ya sauko ya shugabanci ɓangaren ƙararrakin da ba na laifi ba a Kotun Ɗaukaka Ƙara. Rage masa girma aka yi? Kuma dole ne kotunan Najeriya su bi hukuncinsa?

Barista Kaduna:
Wa'alaikumussalam ƙanwata. Ba rage girma ba ne, da son ransa ya karɓa. Lissafin a fili yake: a sama alƙalai biyar ke zama, sai ka shawo kan biyu kafin ra'ayinka ya zama hukunci. A Kotun Ɗaukaka Ƙara uku ne, ɗaya ya bi ka shi ke nan. Ga shi yawancin ƙararraki a nan suke ƙarewa, kaɗan ne ke wucewa sama, kuma shugaba na da hannu wajen rarraba su. Ya riƙe kujerar har 1982.

Malamin Jami'a:
In kina son ki gane salonsa, fara da shari'ar High Trees ta 1946, yana alƙalin babbar kotu. An ba da hayar gidaje a Landan kan fam 2,500 a shekara. Yaƙi ya kori masu haya, a 1940 masu gidan suka yarda a riƙa biyan fam 1,250. Da gidajen suka cika a 1945 sai aka nemi cikakken kuɗi. Denning ya ce daga lokacin da suka cika a biya duka, amma da na shekarun yaƙin aka nema, da ba a samu ba, domin an yi alkawari kuma ɗaya ɓangaren ya dogara da shi. Inda ɗalibai ke faɗuwa a jarrabawa shi ne su ɗauka wannan ƙa'ida tana ba mutum damar shigar da ƙara. Kariya ce kawai, shi da kansa ya fayyace haka a shari'ar Combe da Combe a 1951.

Na sama sun sha rushe masa hukunci. Haƙƙin da ya ba matar da miji ya gudu ya bari na ci gaba da zama a gidan aure, sun soke shi a 1965, sai majalisar dokoki ta dawo da shi ta doka a 1967. Ni dai ina ganin nan ne ya fi cancantar yabo.

Barista Kaduna:
Kan tambayarki ta biyu: hukuncin kotunan Ingila na jan hankali ne kawai a wurinmu, alƙali na iya ajiye shi. Tun 1963 aka daina kai ƙara Landan daga Najeriya. Wanda za ki fi ji a bakin lauyoyinmu shi ne hukuncin Macfoy da kamfanin UAC na 1961, ƙara daga Saliyo, inda Denning ya ce abin da aka ɗora a kan babu ba ya tsayuwa. Ki lura, can ya bambanta abin da ya ɓaci tun tushe da wanda ke tsaye har sai an soke shi, kuma a kashi na biyu ya sanya matsalar Macfoy, shi ya sa Macfoy ya faɗi ƙarar.

Malamin Jami'a:
Kada a ɓoye tabonsa kuma. A 1980 ya hana mutum shida da aka ɗaure kan bam ɗin Bamingam ci gaba da ƙarar 'yan sanda, sai a 1991 aka wanke su. Murabus ɗinsa ma ya biyo bayan kalaman da ya rubuta kan baƙaƙen fata masu taya alƙali yanke hukunci, waɗanda ya nemi afuwa a kansu.